Wa Zai Tsaya wa Jaririyar Nan?

A ƙasar Hausa ba a barin jariri ya kwana takwas babu suna. Ranar bakwai ake raɗa masa, a yanka rago, wanzami ya yi aski, a raba goro, da yamma mata su cika gida. Wannan kowa ya san shi, littattafanmu ma cike suke da shi. Abin da ba kasafai ake rubutawa ba shi ne yadda lamarin yake a gidan Bahaushe Kirista ɗan Katolika, inda bayan taron kwana bakwai akwai wata rana ta biyu da ake jira, wato ranar baftisma. Mu irin wannan gida ne. Muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi cikin ƙaramar hukumar Tarauni, kakanninmu manoma ne daga ƙauyukan kudancin Kano, kuma makonni biyar da suka wuce Allah Ya ba mu 'yar fari. Shirin baftismarta muke ciki yanzu. Da yawanku kuna da maƙwabta irinmu, kun sha cin shinkafar wannan biki, amma ba a taɓa ba ku labarin abin da ake yi kafin a ɗora tukunyar ba.

Kalmar baftisma daga harshen Girka ta fito, ma'anarta tsomawa cikin ruwa. A wurin Katolika ita ce ƙofar shiga ikilisiya, kuma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Kundin dokokin ikilisiya, wanda Fafaroma John Paul na biyu ya ƙaddamar a 1983, ya ɗora wa iyaye nauyin kai jariri cikin makonninsa na farko, ya kuma ce su je wurin Fada su nemi shiri, ko da kafin haihuwa ne. Idan rai na cikin haɗari ba a jiran komai, ko a gadon asibiti ne ana iya zuba ruwan. Idan kuwa lafiya lau ake, to a nan sai doka ta haɗu da al'ada, domin iyayenmu mata ba za su bar mai jego ta hau A Daidaita Sahu ta ratsa gari ba kafin ta yi arba'in. Fada ya san da haka, shi ya sa aka sa mana rana bayan an gama wankan jego.

Karatun shiri mun fara shi tun cikin yana wata bakwai. Ran Asabar da la'asar sai mu bi titin Zariya, mu wuce Dangi, mu wuce Ƙofar Nassarawa, mu sauka a Bata mu shiga Sabon Gari. Ajin namu kamar ƙaramar Nijeriya yake: ga Ibo, ga Tibi, ga Idoma, ga 'yan kudancin Kaduna, ga mu. Katikis, wato malamin da ke koyar da addini a ƙarƙashin Fada, dattijo ne da ke juya harshe tsakanin Hausa da Turanci gwargwadon fuskar da ya kalla. Ranar farko wata mata ta ɗaga hannu ta tambaya ko akwai launin atamfar da ake so iyaye su sa. Sai ya ce, "Diyata, ajiye zancen atamfa tukuna. Abu uku za a tambaye ki a bakin ƙofar coci: sunan da kika ba ɗanki, abin da kike nema masa, da ko kin san nauyin da kike ɗauka. Idan kin shirya wa waɗannan, ko da zanen gida kika zo an gama."

Ya ba mu wani ɗan tarihi da ya zauna mana a rai. A tsohon tsari, jaririn ake yi wa tambayoyi kamar babban mutum, masu tsaya masa su amsa a madadinsa. Bayan babban taron Batikan na biyu, wanda kuma shi ne ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan gida maimakon Latin kaɗai, sai aka fito da sabon tsari a 1969, aka juyo da tambayoyin kan iyaye. Ke nan ranar baftisma jaririya ba ta yin alkawarin komai. Mu ne za mu yi, a gaban jama'a, da bakinmu. Bahaushe kuwa ya ce alkawari kaya ne. Duk shirin da muka yi daga wannan rana, kan abu biyu ya tsaya: wane suna za mu ba ta, kuma wa zai tsaya tare da mu ya ɗauki kayan nan.

Mu fara da suna. An haife ta ran Laraba, saboda haka matan layinmu sun ba ta nasu tun kafin mu buɗe baki, kuma mun san da shi za su kira ta har ta yi aure. Kakarta ta wajen uba tana son a mayar da sunan mahaifiyarta, irin sunayen nan na ƙauye da ke faɗin lokacin da aka haifi mutum ko halin da gida yake ciki, kamar Marka da Delu da Auta. Wani kawu ya ba da shawarar a zaɓi sunan da ba ya nuna addini, irin Maryam ko Hannatu ko Saratu, wanda Musulmi da Kirista duk suna amsawa. Ya ce wata rana za ta nemi makaranta ko aiki, kada sunanta ya riga ta shiga ofis. Wata inna kuma ta ce a'a, a sa mata sunan Turawa sak, kowa ya ji ya san inda ta dosa. Babu wanda ya faɗi nasa don wasa. Kowannensu akwai abin da ya gani a rayuwa.

Da muka kai wa katikis maganar, sai ya bayyana mana cewa tsohuwar doka ta 1917 ce ta matsa a kan lallai a sa sunan Kirista, shi ya sa za ka tarar da dattijo a ƙauye mai tsagen gado a fuska yana amsa Patrick, domin yawancin limaman da suka yi aiki a Arewa 'yan Ailan ne. Dokar 1983 ba ta ce haka ba. Abin da ta hana kawai shi ne sunan da ya saɓa wa bangaskiya. Saboda haka Godiya da Alheri da Murna da Ƙauna da Kyauta duk suna da wurin zama a rajistar coci, daidai da Bitrus da Bulus da Alisabatu. Jin haka ya sauƙaƙa mana. Ranar bakwai kakanta ya ɗauke ta ya yi addu'a, ya sanar da suna na Hausa mai nuna godiya ga Allah. Ba za mu rubuta shi a nan ba, kun san kunyar 'yar fari.

Na biyun, wanda za a haɗa mata ranar baftisma, na wata waliyya ne da za ta taso tana jin labarinta: Josephine Bakhita. An haife ta a Darfur wajen 1869, ƙasar da mahajjatan Kano na da suke ratsawa da ƙafa kan hanyarsu ta Makka. Masu fataucin bayi suka sace ta tana ƙarama, azabar da ta sha ta sa har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka kama ta ne suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci. Aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta isa Italiya, inda kotu ta tabbatar mata da 'yancinta a 1889. An yi mata baftisma a birnin Benis ranar 9 ga Janairun 1890, ta zama sista, ta rasu ranar 8 ga Fabrairun 1947, aka ayyana ta waliyya a shekarar 2000. Mun zaɓe ta ne domin ita ta san zafin a ƙwace wa mutum suna. Muna so 'yarmu ta riƙe nata biyun, na Hausa da na coci, kada wani ya sa ta ajiye ɗaya a bakin ƙofa kafin ta shiga wuri.

Sai maganar uwar baftisma da uban baftisma, wadda ta fi ta suna wuya, domin ita da mutane masu rai ake yin ta, masu jin daɗi da jin haushi. Ƙa'idar ba ta da tsawo. Mutum ɗaya ya isa, namiji ko mace, idan kuma biyu ne to namiji ɗaya mace ɗaya. Ya kasance ya kai shekara 16, ɗan Katolika ne da ya karɓi ƙarfafawa yana kuma karɓar Jibi, rayuwarsa ta dace da aikin, sannan ba uwa ko uban jaririn ba. A takarda abin layi biyar ne. A gida kuwa sai ka ga zuciya tana karkata wajen mai hali: wane yana da shago a Kantin Kwari, wance 'ya'yanta suna Ingila. Katikis ya yi mana barkwanci cewa wasu iyaye mota suke zaɓa, ba mutum ba, daga ranar biki kuma yaro ba zai sake ganin uban baftismarsa ba sai a hoto.

Mutum ta farko da ta zo mana a rai ita ce gwaggon mai jego, wadda ta riƙe ta tun tana firamare. Sai dai ita 'yar ECWA ce, kuma doka ta ce Kiristan da ba Katolika ba zai iya tsayawa a matsayin shaida ne kawai, tare da wani ɗan Katolika. Muka je har gida muka faɗa mata yadda abin yake. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni dama akwai abin da nake son tambayarku. Yarinyar da ba ta san hannun damanta ba, me ta sani da za a yi mata baftisma? Mu a wurinmu sai mutum ya girma ya furta da bakinsa." Muka ce, "Gwaggo, gaskiyarki ba ta san komai ba. Amma ba mu jira ta girma ta zaɓi harshen da za mu yi mata magana da shi ba, ba mu jira ta zaɓi dangi ba. Abin da muka fi daraja shi muke fara ba ta, idan ta yi hankali za ta tsaya gaban bishop ta amsa da kanta."

Wannan muhawara ta girmi Gwaggo ta girme mu. Waliyyi Augustine, ɗan Arewacin Afirka da aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, uwarsa Monica Kirista ce, amma sai da ya kai shekara 32 aka yi masa baftisma a Milan, a 387. Daga baya shi ne ya zama babban mai kare baftismar jarirai. Bishop ɗinmu na Kano, John Niyiring, wanda ke kan kujera tun 2008, ɗan ƙungiyar limaman da ke bin tafarkin Augustine ɗin ne. Ba mu shawo kan Gwaggo ba, ita ma ba ta shawo kanmu ba. Amma da muka tashi tafiya ta ce a rubuta sunanta a shaida, kuma ita za ta ɗinka farar rigar.

Wadda muka roƙa ta zama uwar baftisma wata gwauruwa ce 'yar Zumuntar Mata, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Unguwa Uku. Ba ta da mota. Abin da take da shi, daga gidanta zuwa namu tafiyar A Daidaita ɗaya ce, kuma tun kafin haihuwa ba ta taɓa yin mako biyu ba ta leƙo mu ba. Zumunta a ƙafa take. Da muka faɗa mata, ba ta yi guɗa ba. Cewa ta yi, "'Ya'yana, ku ba ni kwana uku in yi addu'a." Da ta dawo sai ta zo da sharaɗi: idan ta ga mun yi sakaci da tarbiyyar yarinyar za ta faɗa mana a gaban idonmu, kada ranar mu ce ina ruwanta. Muka ce mun ji mun yarda. A ranar muka san mun sami wadda muke nema.

Akwai kuma mace ta uku, wadda babu gurbin sunanta a kowace takarda. Hajiya, matar mai gidan da muke haya, ita ta tashi da asuba ta hura wutar ruwan wankan jego kwana da kwanaki, ita ta dama kunun kanwa, ita ta nuna wa mai jego yadda ake gasa cibiya. Da ta ji ana ta zancen uwar baftisma, sai ta tare uban jaririya a zaure ta ce, "Angon ƙarni, to ni wane matsayi aka ba ni?" Aka faɗa mata gaskiya, cewa wannan alkawari ne na rainon yarinya cikin bangaskiyar Katolika, ba zai yiwu a ɗora wa wanda ba addininsa ba ne, kuma ita ma ba za ta so a ɗora mata ba. Ta yi dariya ta ce, "Ku je ku yi na cocinku lafiya. Ni uwar goyo ce, rajistata a bayana take." Sannan ta kafa nata sharaɗin: akuyar da za a sayo a 'Yan Awaki, mahaucin unguwa ne zai yanka, don kowa a layin ya ci hankali kwance. Dama haka muke yi duk Kirsimeti, kamar yadda naman layyarsu ba ya wuce ƙofarmu.

Wannan zama ba kowa ne a danginmu yake ganin hikimarsa ba. 'Yan uwanmu na Sabon Gari sun sha cewa mu tattara mu dawo kusa da coci, yanzu da muka fara iyali. Ba za mu ce tsoronsu na banza ba ne. Sun ga Oktoban 1991, sun ga Mayun 2004, kuma harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero cikin Afrilun 2012 bai bar zukata ba. Har yau sai an bincike jaka kafin a shiga coci ran Lahadi. Ita ma doka ta ce kafin Fada ya yi wa jariri baftisma, sai yana da ƙwaƙƙwaran zaton cewa za a raine shi cikin bangaskiya, saboda haka tambayar inda yarinya za ta taso tambaya ce ta gaske. Amsarmu ita ce Sabon Gari don baƙi Turawan mulki suka kafa shi, mu kuwa ba baƙi ba ne a Kano. 'Yarmu za ta tashi tana jin kiran sallar asuba daga masallacin layinmu, ran Lahadi ta ji ƙararrawa. Za a tambaye ta, kamar yadda aka sha tambayarmu, yaya aka yi Bahaushiya take Kirista. Muna so ta iya amsawa ba fushi ba kunya. Za mu gaya mata cewa tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma a 2023 da aka kafa dayosis ɗin Katsina, Gerald Mamman Musa, Bahaushen Malumfashi, shi aka naɗa bishop ɗinsa na farko.

Kayan ranar kuwa ba su da yawa, kowanne da ma'anarsa. Za a tarye mu a bakin ƙofa, a yi wa jaririya alamar gicciye a goshi, Fada ya fara, mu da uwar baftisma mu biyo. Bayan karatu da addu'a a shafa mata mai a ƙirji. Sai a tambaye mu ko mun rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ko mun ba da gaskiya. Daga nan a zuba mata ruwa a ka sau uku. A sake shafa mata wani man mai ƙamshi a tsakar ka, wanda bishop ne da kansa yake keɓe shi sau ɗaya a shekara, a makon da ke gaban Ista, a raba wa dukkan coci-cocin dayosis, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa. Kujerar bishop ɗin tana babban cocin Our Lady of Fatima a Sabon Gari, sunan da ke sa direbobin A Daidaita waiwayowa, alhali Fatima ɗin nan wani gari ne a Fotugal. A ƙarshe a sa mata farar riga, a kunna kyandir daga babban kyandir na Ista a miƙa wa ubanta. Yadin rigar Gwaggo ta yanko a Kantin Kwari, wani tela a kasuwar Tarauni ya ɗinka. Da aka ce masa fara sol ake so, ba ado ba dutse, sai ya ce shekara ashirin yana ɗinkin kayan suna bai taɓa samun mai sauƙin wannan ba.

Abu na ƙarshe, wanda muka san zai ja hankalin marubuci, shi ne rajista. Bayan an gama, Fada zai rubuta sunan yarinya, na iyaye, na uwar baftisma da shaida, ranar haihuwa da ranar baftisma a wani babban littafi da ba ya barin ofishin coci. A gefen layinta akwai fili da ake bari. Ranar da ta karɓi ƙarfafawa za a cike wani sashe. Ranar da za ta yi aure, ko a Legas ne ko a Amurka, sai cocin can ya nemi shaida daga wannan littafi, bayan biki kuma a aiko da labari a rubuta a gefen layin nan na Kano. Saboda haka muka rubuta wa katikis sunayen da manyan baƙaƙe, muka gwada su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya harafi bayan harafi, muka kuma roƙi kada a manta da lanƙwasar ƙ da ɗ. Wanda zai buɗe shafin nan bayan shekara talatin bai san mu ba, abin da alƙalami ya bari kawai zai gani.

Littafin yana da gurbin mutum biyu ko uku. Masu rainon yarinyar nan sun fi haka yawa, kuma ba duka ne suke shiga coci ɗaya ba, wasu ma ba coci suke shiga ba. Ɗa na kowa ne. Ga masu neman abin rubutawa a cikinku, gidaje irin namu suna nan a Hotoro da Darmanawa da Unguwa Uku, da Rogo da Sumaila da Malumfashi, da sunayensu da waƙoƙinsu da rigingimunsu na dangi. Idan za ku sa su a labari, ku shiga ku gaisa ku tambaya, za a ba ku wurin zama a kawo muku ruwa. Kada ku ba su Hausar 'yan koyo, domin da ita aka yi musu goyo.

Lahadi ta biyu mai zuwa ce ranar. Wanda yake kusa da Gyaɗi-Gyaɗi ya biyo da la'asar, akwai shinkafa da zoɓo, Hajiya ce shugabar tukunya. Wanda yake nesa ya sa mu a addu'a, Allah Ya raya mana ita, Ya raya naku, Ya ba mu ikon sauke abin da za mu ɗauka.